Tambari a Ƙirji

Jidda, farkon watan Safar

Zuwa ga malamina kuma ubana, Ustaz Abdulfattah,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya, kai da Umma da ƙanwata Asma, da yaran filin gudu gaba ɗaya. Na san ba ka son a kawo maka magana mai nauyi ta waya, shi ya sa na zauna na rubuta, kuma da Hausa, yadda kake tilasta mana a gidanka na unguwar Ƙurban duk lokacin da muka amsa maka da Larabci.

Albishir na zo da shi. Sharikar da nake wa aiki, kamfanin kayan wasannin nan, ta yanke shawarar shiga kulliyoyi, wato kwalejoji, a bana. Za ta zaɓi ƙungiyar tsere guda a wannan yanki ta ɗauki nauyinta. Da aka tambaya a wurin taro ko akwai wanda ya san wata, ban tsaya tunani ba na ambaci kulliyarmu ta Madina. Na ce musu akwai wani dattijo a can da ya fi shekara talatin yana fitar da masu gudu a filin da rabinsa tsakuwa ne, ni ma a hannunsa na tashi. Mudirarmu, wato shugabar ofishinmu Sayyida Khalida, ta sa aka nemo sakamakonku, ta duba da kanta, ta ce a fara magana da shugaban kulliya.

Ga abin da za a ba ku: rigunan gasa da na atisaye, takalman gudu, kuɗin mota da masauki in za a je gasa, likitan jijiya da zai riƙa duba yara, sannan a shimfiɗa sabuwar roba a fili. Abin da sharika take so shi ne tambarinta a ƙirjin riga, da izinin sa hotunan yara a talla, kuma kada a ga kayan wani kamfani a jikinsu muddin yarjejeniyar tana aiki.

Ustaz, ina rubutun nan ina tuna ranar da muka je gasa Yanbu a motar kayan miya ta maƙwabcinka. Kan buhunan albasa muka zauna, muka sauka kowa yana toshe mana hanci, kuma mu muka dawo da lambobin yabo. Kai ne ka tsaya mini har na samu gurbi a kulliya, ni ɗan Cadi da babu wanda ya san ubansa a ofisoshi. Ban taɓa samun abin da zan saka maka da shi ba sai yau.

Ka gaida Umma, ka ce ina kewar miyar kukarta.

Ɗanka mai biyayya,
Osman

*

Madina, tsakiyar Safar

Yaya Osman,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Umma tana gaishe ka, ta ce ko Jidda ta haɗiye ka ne. Ni na karanta wa Baba takardarka, don idonsa ya fara gajiya da ƙananan rubutu, ko da yake in ka tambaye shi zai ce laifin fitilar ɗakin ne. Ya ce in fara ba ka amsa, tasa tana nan tafe. Ka yi haƙuri da Hausata, a wurin Umma na koyi rubuta ta, a saidaliya kuwa, kantin maganin da nake aiki, Larabci muke wuni muna yi.

Da na kai wurin takalma sai ya ce in maimaita. Na maimaita. Ya tashi ya shiga ɗaki, ya fito da wani takalmi da aka liƙe da gam har ya koma kamar busasshen kifi. Na Zakiru ne, wani ɗalibi ɗan Maraɗi da ya zo karatun jinya, shi ne gwaninsu a tseren dogon zango yanzu. Baba ya kawo takalmin gida ne don ya sake kai wa mai gyara a unguwar Ƙiblatain. Ya ɗaga shi sama ya ce wa Umma, "Ƙaltume, kin ga wannan? Ya kusa ritaya."

Umma ta ce, "Allah ya sa ya ja ka ku tafi tare."

Tun ranar bai zauna ba. Ya auna ƙafar kowane yaro da kansa, har Walid. Ba ka san Walid ba. Wani mai jiki ne da likita ya ce ko ya motsa ko ciwon suga ya kama shi kamar yadda ya kama ubansa. Shi ne na ƙarshe a kowane tsere, kuma bai taɓa fashin atisaye ba. Baba ba ya barin fili sai ya ga shigowarsa.

Yanzu tambayata. A saidaliya na koyi cewa in wakilin kamfanin magani ya kawo mana alƙaluma da agogon bango kyauta, to akwai abin da yake so mu tura wa mutane. Me sharikarku za ta ci a jikin yara arba'in da ba a nuna su a talabijin? Ba zarginka nake ba, wallahi. Amma na ga yadda fuskar Baba ta haskaka, ba na so in ga ta dushe. In akwai wani abu a ƙasa, ka faɗa mini tun yanzu.

Ƙanwarka,
Asma

*

Jidda, watan Rabi'ul Awwal

Ƙanwata Asma,

Salamun alaiki. Ina gaida Umma da Ustaz. Wannan takardar taki ce ke kaɗai, kada ki karanta a falo.

Tambayarki a wurinta take. Sharika ba sadaka take yi ba. Ɗalibin da ya yi shekara huɗu cikin rigarmu, in ya gama ya samu aiki, ƙafarsa za ta kai shi shagonmu ba tare da ya yi shawara ba, gobe kuma ya saya wa 'ya'yansa. In aka dace ɗaya a cikinsu ya zama zakaran ƙasa, to mun same shi tun yana da araha. A ofis cewa suke ƙirjin ɗalibi ya fi allon bakin titi daraja, don allo ba shi da abokai. Wannan duk na sani, ban ga aibi a ciki ba.

Abin da ban sani ba sai a taron da muka yi makon nan. Abu biyu ne. Na farko, ba yara arba'in za a tufatar ba. Gwanaye goma sha biyu za a zaɓa, su za su samu komai, sauran babu su a lissafi. Na biyu, sharika za ta kawo nata mai horarwa, wani Ubaidullah daga Maroko, mai takardu da yawa. Ustaz kuwa za a ba shi muƙamin girmamawa da ɗan alawus, a ɗauki hotonsa, ya koma gefe.

Asma, ni na kai sunansa teburin nan. Na je in saka masa da alheri, ga shi na jawo za a karɓe masa fili. Abinci ma ya daina shiga mini.

Zan je in sami Sayyida Khalida in ce ko a bar Ustaz a wurinsa ko a fasa. Na san abin da hakan zai iya jawowa. Iƙamata, takardar izinin zamana, a hannun sharika take, in suka sallame ni ban samu wani aikin da wuri ba, sai Cadi, ƙasar da ban taɓa kwana a cikinta ba. Amma ba zan iya kallon idonsa ba in na yi shiru. Ki riƙe maganar nan har in gwada.

Yayanki,
Osman

*

Madina, ƙarshen Rabi'ul Awwal

Yaya Osman,

Wa alaikas salam. Kada ka je wurin mudirarku tukuna. Ka karanta wannan har ƙarshe.

Da na gama karanta takardarka na yi fushi da kai, ba zan ɓoye ba, har na rubuta maka wata na yaga. Ashe duk ɓoyon da muke yi na banza ne. Shugaban kulliya ya riga ya kira Baba ya gaya masa komai. Bai faɗa wa kowa a gida ba. Sai da labari ya fasu a cikin yara, Zakiru ya tara su suka yi rantsuwa ba za su sa rigar ba, in aka kawo za su zube ta a ƙofar ofishin shugaba. Zakiru ne ya zo saidaliya ya ba ni labarin abin da ya biyo baya, yana yi yana share ido.

Ana cikin haka Ubaidullah ya zo ganin fili. Yara suka juya masa baya, ko sallamarsa ba su amsa ba. Baba ya daka musu tsawa, ya ce baƙo a Madina ake yi wa haka? Ya sa suka jeru suka yi masa gudu. Mutumin ya ɗauki Zakiru a bidiyo, ya rage saurin hoton, ya kira Baba gefe ya nuna masa. Wai ƙafar hagu tana sauka a karkace, ita ke jawo ciwon gwiwar da Zakiru ya daɗe yana fama da shi. Ya sa masa wani abu a cikin takalmi, ya canja masa yadda yake jefa ƙafa. Zakiru ya zaga fili ya dawo yana taɓa gwiwar yana mamaki.

Da yamma Baba ya dawo ya zauna a tsakar gida, shayinsa ya huce a gabansa. Can ya ce, "Asma, shekara biyu ina kallon gwiwar yaron nan, ina sa masa man zafi ina ba shi hutu. Mutumin nan kallo ɗaya ya yi mata."

Na ce, "Baba, na'ura ce ta gani."

Ya ce, "Na'urar a hannuna ma ba zan gani ba. Ya fi ni, khalas."

Ban taɓa jin kalma ta yi wa mutum wuyar fita kamar wannan ba, kuma bai sassauta ta ba.

Washegari ya tara yaran a inuwar bango. Ya ce, "Wa ya ce ku yi mini yaƙi? Ni na roƙe ku?"

Zakiru ya ce, "Ustaz, ba ma son takalminsu in babu kai."

Baba ya ce, "Kai da ƙafarka ke zubar da jini a kowace gasa kake faɗin haka? Ba don ku riƙe ni na koya muku gudu ba. Duk wanda ya zubar da rigar nan a ƙasa, kada ya ƙara gaishe ni."

Sai Walid daga baya ya ce, cikin wasa, shi dai babu ruwansa, tunda ko an kawo ba shi a ciki. Aka yi dariya. Zakiru ya ce Baba ne kaɗai bai yi ba. Ya daɗe yana kallon Walid, sannan ya sallame su.

A nan maganar take yanzu. Kujerarsa ta fita daga ransa, amma zancen goma sha biyun nan ya tsaya masa a wuya. Ya ce zai rubuta maka da hannunsa. Ya sa na sayo masa alƙalami mai kauri.

Ka ci abinci, don Allah.

Asma

*

Bismillahir Rahmanir Rahim

Daga Abdulfattah ɗan Mahmudu zuwa ga ɗana Osman. Aminci da rahamar Allah su tabbata a gare ka. Ina fatan kana tsare sallolinka a kan lokaci, kana kuma motsa jiki, don na ji an ce ka yi tumbi.

Bayan haka, na gode da abin da ka nufe ni da shi. Alheri ka yi niyya, alheri kuma ya zo. Kada ka sa wa ranka wani abu.

Asma ta gaya mini kana shirin zuwa ka yi musu barazana a kaina. Na hana ka. Ba na yafe maka in ka jefa iƙamarka cikin haɗari saboda kujerar tsoho. Mahaifiyarka tana kwance a ƙasar nan, nan ne garinku. Shi kuma Ubaidullah na gwada shi, ya san aiki, kuma yana da ladabi. Da ina da ɗa mai gudu, hannunsa zan kai shi.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne a raba mini yara gida biyu, masu riga da marasa riga, a fili ɗaya. Na san abin da zai faru. Marasa rigar za su fara zuwa a makare, sannan su riƙa tsayawa a bayan waya suna kallo, daga nan su daina zuwa. A cikinsu akwai wanda gudun nan ne ya raba shi da sigari, akwai wanda ba shi da kowa a ƙasar nan sai mu. Kai ma a shekararka ta farko ba ka cikin goma sha biyu, ko ashirin ba ka ciki.

Ba na so ka kai musu wannan magana da bakinka. Abu ɗaya nake nema: ka samo mini izinin ganin mudirarku. Zan hau jirgin ƙasa in zo da kaina. In ta ƙi, ta ƙi ni ne, ba kai ba, kuma ba zan hana kulliya sa hannu ba.

Allah ya yi maka albarka.

Wassalam,
Abdulfattah

*

Jidda, watan Rabi'ul Akhir

Ƙanwata Asma,

Salamun alaiki. Na san in ya dawo kuka tambaye shi yadda aka yi, zai ce "alhamdu lillahi" ya nemi shayi. To bari ni in ba ki.

Na tarbe shi a tasha. Ya ƙi bari in riƙe masa jaka. A ofis ya gaida mai gadi da mai shara kamar ya san iyayensu. Sayyida Khalida ta zaci rigimar kujera ya zo yi, har ta fara bayanin takardun Ubaidullah. Ya ɗaga hannu ya ce, "'Yata, kin zaɓi mutumin kirki. Ba shi ya kawo ni ba."

Ya ce a soke muƙamin girmamawar da alawus ɗin, a tufatar da yaran duka da kuɗin. Ta danna lissafi ta ce ko rabi ba zai kai ba. Sannan ta ce, "Ustaz, zan gaya maka gaskiya. Mu idon mutane muke saye, ido kuwa yana kan na gaba. Na ƙarshe babu mai ɗaukar hotonsa."

Na ɗauka zai yi mata wa'azi. Sai ya ce, "Gaskiya kika faɗa, kuma kuɗin ba naki ba ne, amana ce. To bari mu yi ciniki. In na kawo miki ido, za ki ba ni riga?"

Ta gyara zama.

Ya ce waɗanda suka bi ta hannunsa suna da yawa, akwai malaman makaranta, akwai likitoci, akwai direbobi da masu shaguna, daga Tabuka har Jizan. Bai taɓa neman komai a wurinsu ba. Zai kira su ɗaya bayan ɗaya su zo Madina da 'ya'yansu a yi tsere na kowa da kowa a filin kulliya, duk shekara, da sunan sharika. Kowa zai sayi rigar tseren da kuɗinsa.

Ta ce, "In ba su zo ba fa?"

Ya ce, "Sai ki san sunana ba shi da daraja, ki janye abinki."

Asma, kin san mutumin nan ko aron tsani ba ya iya nema a wurin maƙwabci. Shi ne zai ɗaga waya ya roƙi ɗaruruwan mutane.

Sayyida Khalida ta ce ko ta yarda, ba ta da ma'aikacin da zai ɗauki wannan wahala. Ustaz ya harare ni, irin hararar da ke nufin in rufe baki. Karo na farko a rayuwata na saɓa masa. Na ce ni zan shirya, in ya lalace a ɗora a kaina. Ta dube ni ta ce, "Ka san abin da kake faɗa?" Na ce na sani.

Ba duka muka samu ba. Riga da wando kowa zai samu, iri ɗaya, babu bambanci. Likita zai duba kowa. Takalmi kuwa gwanaye sau biyu a shekara, sauran sau ɗaya, kuma tafiya gasa ta gwanaye ce kawai. Duk wannan sai in tseren ya cika. Ya yi ta ja a kan takalmin, ta ƙi, daga ƙarshe ya ce tayyib, ya amince.

Da muka fito ya yi mini faɗa tun daga lif har bakin titi. Da ya gaji sai ya ce in kai shi inda ake sayar da kifi mai kyau. Bayan na raka shi tasha na koma ofis, Sayyida Khalida ta tsayar da ni ta ce ta zauna da wakilan manyan ƙungiyoyi, ba ta taɓa ganin wanda ya shigo ya fara ajiye rabonsa a kan tebur kafin ya buɗe baki ba.

Ki taimaka masa da neman lambobin waya. Ni ma na fara.

Yayanki,
Osman

*

Madina, watan Rajab

Yaya Osman,

Assalamu alaikum. Da fatan ka isa lafiya, ka kuma rama barcin da tseren nan ya ci maka. Umma ta ce ka bar rigar sanyinka.

Taron ka gani da idonka, ka ga yadda rigunan suka ƙare aka koma ba mutane lamba kawai. Amma kana can kana ihu a lasifika, ba ka ga ɓangarenmu na mata ba. Kusa da ni wata tsohuwa ce daga Badr, ta zo da kwandon dabino tana raba wa duk wanda ya wuce. Ta ce ɗanta ya kusa lalacewa, Baba ne ya riƙa zuwa har gona yana ɗauko shi. Yanzu shi ne shugaban wata makaranta, ga shi can yana haki da furfura. Mahaifiyar Walid kuma tana bayana. Da ya shigo, na ƙarshe kamar kullum, cikin riga irin ta Zakiru sak, ta saki guɗa har sai da Larabawan da ke gefenmu suka taya ta.

An sa hannu a yarjejeniyar, ka sani. An fara shimfiɗa roba. Baba ya miƙa wa Ubaidullah makullan ɗakin kaya da usur ɗinsa a gaban yara. Mutumin ya roƙe shi ya riƙa zuwa. Baba ya ce zai zo, amma ba yanzu ba, don muddin yana tsaye a bakin fili yara shi za su riƙa kallo in an ba su umarni.

Abin da ba zai gaya maka ba shi ne wannan. In an yi la'asar ya dawo daga masallacin Ƙuba, sai ya shiga ɗaki ya sa takalmin atisaye, ya ɗauki hula, ya kai bakin ƙofa. A nan yake tunawa. Sai ya tsaya kaɗan, ya juyo ya ce wa Umma ko akwai abin da za a sayo a baƙala, shagon unguwa. Umma ta gane, kullum tana ajiye masa aike. Gidanmu ya cika da madara da burodi.

Ina alfahari da shi, kuma ina jin tausayinsa, ban san wanne ya fi yawa ba.

Zakiru ya samu shiga gasar jami'o'i ta Riyad a wata mai zuwa. Baba ya ce zai je da kuɗinsa, a cikin 'yan kallo. Na ji an tura ka Dammam, da ka raka shi.

Ƙanwarka,
Asma

*

Bismillahir Rahmanir Rahim

Daga Abdulfattah zuwa ga ɗana Osman, tare da sallama da fatan alheri.

Na dawo daga Riyad lafiya. Zakiru ya zo na biyu a ƙasa baki ɗaya. Ban taɓa ganin ya yi gudu irin wannan ba, ƙafarsa tana sauka daidai tun daga farko har ƙarshe.

Ina zaune a layin gaba, kusa da inda ake gamawa. Da ya tsallake layi ya faɗi ya yi sujada, ya tashi yana waige-waige. Na miƙe tsaye. Sai ya wuce ta gabana a guje, bai gan ni ba, ya je ya rungume Ubaidullah, suna ta tsalle su biyu.

Ba zan ɓoye maka ba, abin ya soke ni. Na koma na zauna, na ɗan jima ina kallon hannuwana. Sannan na ce alhamdu lillahi, yaro ya samu malami.

Daga baya ya neme ni, ya rataya mini lambar a wuya. Na cire na mayar masa, na ce ya aika wa uwarsa Maraɗi.

Kada ka ba Asma wannan labari, za ta yi fushi da yaron, kuma bai yi laifi ba.

Ka zo mana azumi.

Wassalam,
Ubanka Abdulfattah